Ranar da Lungunmu Ya Ɓoye Mai Kanwa

Shekarar da aka canza kuɗi, mutum na da abinsa a banki amma ba shi da na shan koko a aljihu, ita ce kuma shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Nijar aka rufe iyaka ana tsakiyar damina. A shekarar ne na shiga aji na biyu na yaƙi da jahilci, da furfurata a gemu. A cikinta ne kuma na fara sa hannu da biro, na daina dangwala yatsa a tawada.

Sana'ata wankin hula. Ina da rumfa a kusa da kasuwa, gidana kuwa yana wani lungu a bayan gari, ta wajen hanyar Zango. Lungun ba shi da suna. Gidajen ciki ma ba su da lamba, kowane gida da sunan wanda ya gina shi ake kiransa, ko da ya daɗe da rasuwa. Gidan da ke jikin nawa, gidan maƙeri ake ce masa. Maƙerin ya rasu tun 'ya'yana na ƙanana, magada suka sayar wa wani mutumin Nijar mai fataucin kanwa, amma sunan bai canza ba. Shi kansa mai gidan ba wanda ke kiran sunansa na yanka. Mai Kanwa kowa ke cewa. Matarsa 'yar Zango ce, 'ya'yansa a nan aka haife su, tare muke sallah, tare muke zuwa jana'iza. Da can idan zai je ganin danginsa a wajen Matamaye, ta iyakar Kongolam yake wucewa kamar mai zuwa gona. Ba wanda ya taɓa tuna cewa baƙo ne.

Wata Lahadi yana dawowa daga kasuwar Mai'aduwa, 'yan shige da fice suka tsayar da motarsu a shinge. Suka ji harshensa, suka nemi takarda. Katin ƙasarsu kaɗai ya fito da shi. Aka sauke shi, ya daɗe a rana, sannan babbansu ya ce masa: "Malam, ka je ofis ka yi katin zama, a rubuta inda kake zaune. In muka sake haɗuwa babu shi, bakin iyaka za mu kai ka. In ka ƙetara kuwa, ka san a rufe take."

Washegari ya same ni a rumfa ina goga sitaci. Ya zauna, ya yi ta juya wata hula da ba tasa ba, har masu jira suka watse.

"Akawu," ya ce. Haka yake tsokanata tun da na shiga makaranta. "Yau bokon naka zai yi rana."

Ya gaya mini komai da murya ƙasa-ƙasa. In aka fitar da shi, matar da yara da gida da buhunan kanwar da ke zaure duk a wannan ɓangaren za su tsaya, shi yana wancan. Yana son in raka shi ofis, don shi Alƙur'ani kaɗai ya karanta.

"Amma don Allah kada kowa ya ji a lungu," ya ce. "Sai abu ya tabbata. Ka san bakin mutane. Kuma ba na son a fara kallona a matsayin baƙo."

Na ce ba mai ji. Mu a wajenmu haka ake yi, ko ciki ne, ko tafiya, ko cinikin gona, ba a faɗa sai ya kammala. Ban ga aibun abin ba ko kaɗan. Ni dai zuciyata tsalle take yi. A aji, abin da muke rubutawa bai wuce sunayen dabbobi da ranakun mako ba. Yau ga mutum da iyalinsa sun jingina da rubutuna.

Na sa farar rigata ta Juma'a muka tafi. Jami'in da aka tura mu wurinsa dogo ne, ya manyanta, Hausarsa ta wajen Bauci. Bai yi mana tsawa ba. Ya lissafa abin da za a kawo, ni kuma na fito da littafina na makaranta ina rubutawa a hankali, shi yana jirana. Katin ƙasarsa. Takardar cinikin gida. Wasiƙar mai unguwa. Hotuna. Ɗan ƙasa mai tsaya masa. Sai ya ɗauki biro ya ce:

"Lambar gida?"

Muka dubi juna.

"Sunan titi?"

"Yallaɓai, lungu ne," na ce.

"To wane lungu?"

"Namu."

Ya ajiye biron ya yi dariya har da share ido. Ya ce ba mu ne farko ba. Ya ce a samo farar takarda a rubuta kwatance da Hausa, tun daga babban titi har ƙofar gida, yadda baƙo zai bi ba tare da ya ɓata ba. "Wa zai rubuta?"

"Ga akawuna nan," in ji Mai Kanwa.

"To. In takardu sun cika zan zo da kaina in ga gidan, in tambayi maƙwabta ko da gaske a nan yake zaune. Ba zan faɗi rana ba. In an faɗi rana, kowa sai ya ari gida."

Tattara takardun ya ɗauke mu ɗan lokaci. Takardar cinikin gida tana cikin wata kwalla ta matarsa, a naɗe cikin leda, ta yi laushi amma hatimin dagaci na nan. Mai unguwa ya ba da wasiƙa, muka roƙe shi ya riƙe maganar, ya ce ya ji. A wurin mai hoto aka yi rigima, don an ce sai ya cire rawani kunnuwa su fito. Ya ce rabon da wani ya ga kunnuwansa a waje tun yana saurayi. Da hoton ya fito ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ai ƙanena ne, ba ni ba." Fom ɗin kansa da Turanci yake, mai kwamfuta ya cika mana. Kwatance ne nawa.

Kwatancen nan na sha wahalarsa, kuma na ji daɗinsa fiye da duk abin da na taɓa yi da hannuna. Da safe kafin in buɗe rumfa sai in fita babban titi, in juyo, in shigo kamar ban taɓa zuwa ba, ina duba abin da idon baƙo zai kama. Da farko na rubuta a bi ta wajen mai ƙosai. Malaminmu na yaƙi da jahilci, wani tsohon hedimasta mai haƙuri, ya duba ya ce, "In ya zo da azahar fa, mai ƙosai ta tashi?" Na goge. Na sa injin niƙa, don shi ba ya tashi. Na sa masallaci mai koren ƙofa, na sa famfon da ya daina ruwa, na sa dalbejiyar da ke bakin lungu. Na ƙare da cewa gida ne na hannun dama mai zaure baƙi ƙirin da hayaƙin maƙera. Malam bai tambayi na wane ne ba, ya gyara mini inda na haɗe kalmomi kawai. Na sake kwafewa a sabuwar takarda, ina riƙe numfashi a kan kowane layi.

Ranar da muka kai, jami'in ya karanta a fili tun daga sama har ƙasa bai yi tuntuɓe ba. Wani baƙo, daga wata jiha, yana karanta abin da na rubuta yana gyaɗa kai! Sai ya turo mini inda mai tsayawa ke sa hannu, ya turo tawadar dangwale kusa da ni. Na ture ta gefe a hankali. Na rubuta sunana da na mahaifina. Harafin ƙarshe ya ɗan hau kan layi, amma ya karantu. A hanyar komawa ban san sanda na saya mana rake ba, muna tafe muna sha kamar yara.

Daga nan sai jira. Mai Kanwa ya daina zuwa ko'ina. Lahadi ta zo ta wuce bai je Mai'aduwa ba, wata ta sake zuwa. Ya sayi zabi ya ɗaure a tsakar gida, ya ce wa matarsa ana sa ran babban baƙo, ranar da ya zo a yanka. Bai gaya mata wane irin baƙo ba ne. A ganinsa maganar hukuma tayar wa mace da hankali take yi.

A bakin lungunmu, ƙarƙashin dalbejiyar nan, akwai wani dattijo da ke wuni a kan tabarma. Yayan marigayi maƙeri ne. Baba kowa ke ce masa. Ƙafa ta hana shi noma, sai ya zama shi ne idon lungu. Ba akuyar da za ta shiga bai san mai ita ba.

Ran nan aka yi rasuwa a wata unguwa, wani abokin cinikin Mai Kanwa, ba yadda zai ƙi zuwa. Ya ce yanzu zai dawo. Ni ina rumfa. Da la'asar na dawo na tarar da shi a ƙofar gida yana alwala, sai ga Baba yana tahowa da sandarsa, fuskarsa cike da fara'a, mutanen lungu na biye da shi.

"Mai Kanwa, kawo goro," ya ce. "Ba ƙwaya ɗaya ba, ƙwarya."

"Na me, Baba?"

"Yau Allah ya rufa maka asiri da bakina. Kana fita, sai ga wani dogo da kaki a kan babur, ɗan shige da fice, da takarda a hannu yana dubawa yana duban bishiya. Ya tsaya a kaina ya kira sunanka. Sunanka na yanka fa, har da na ubanka! Na ce, to, an zo kamun 'yan Nijar."

Buta ta suɓuce daga hannun Mai Kanwa.

"Sai ka ce masa me?"

"Na ce shekarata saba'in da wani abu a lungun nan, ban taɓa jin mai wannan suna ba. Ya nuna zaurenka ya ce, wancan fa? Na ce gidan maƙeri ne, ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙarya na yi?"

"Ni ma ya tambaye ni," in ji telan lungunmu, yana washe baki. "Na ce kaf lungun nan ba wanda ya taɓa ganin Nijar ko a mafarki."

"Har sallama ya yi a gidan," Baba ya ci gaba. "Amma kafin ya isa, matar tela ta riga ta leƙa ta katanga ta sanar. Iyalinka, Allah ya yi mata albarka, daga bayan ƙofa ta ce nan gidan maƙeri ne, mai gidan ya rasu. Da na ga ya ƙi tafiya sai na ce, af, na tuna, akwai wasu masu kanwa can gaba a hanyar Zango, bayan gonakin gero. Ya hau babur ya miƙa. Ina jin har yanzu yana can yana nema."

Aka fashe da dariya, ana tafa wa Baba. Mai Kanwa ya zauna a kan dakali, hannunsa ɗaya a jiƙe, ɗaya a bushe. Ni ma na zauna kusa da shi. Baba ya dube mu ya ce, "Kai, wannan wace irin godiya ce?"

Da sassafe muka isa ofis. Jami'in ya gan mu ya ɗaure fuska.

"Ga mai gidan da ya rasu," ya ce. "Sannu da tashi."

Mai Kanwa ya durƙusa. Ni na fara bayani. Ya ɗaga hannu.

"Kai ne mai kwatance ko? Kwatancenka ya kai ni har bakin ƙofa, ko tambaya ban yi ba a hanya. Injin niƙa, koren ƙofa, famfo, bishiya, baƙin zaure. Amma mutum shida na tambaya, har da matar gidan, kowa ya ce babu shi. Wani tsoho ya tura ni cikin gero, man babur ɗina ya kusa ƙarewa. To me zan rubuta? Na rubuta ba a same shi a adireshin ba. Kai kuma da ka tsaya masa, ka san sunanka na ƙasan takardar."

Duk da tsoron da ya kama ni, wani ɓangare na zuciyata ya maƙale a kan maganarsa ta farko. Har bakin ƙofa, ko tambaya bai yi ba!

Na ce, "Yallaɓai, ƙauna ce ta sa. Sun ɗauka kama shi aka zo yi. Mu ne ba mu gaya musu ba."

Ya girgiza kai. Ya ce a garinsu ma da haka za a yi. Ya ce takardun wannan watan ba su tafi Katsina ba tukuna, zai riƙe ta Mai Kanwa ya sake zuwa sau ɗaya kafin a aika. In aka sake ɓoye shi, abin da ya rubuta shi zai tafi, kuma daga nan ba ruwansa. Rana kuwa, har yanzu ba zai faɗa ba.

Na ɗauka gaya wa mutane gaskiya zai yi sauƙi. Ashe nan aikin yake. Na fara da Baba, na zauna a gefen tabarmarsa na warware masa komai. Ya saurara har ƙarshe ya ce:

"Yaro, boko ya fara taɓa ka. Tun zamanin haraji, tun ana bin Fulani jangali, lungun nan bai taɓa nuna wa mai kaki gidan mutum ba. Ubana bai yi ba. Sai ni, da tsufana?"

"Baba, shi ya gayyato shi."

"Wa ke gayyato hukuma gidansa? Dabara ce. Su sa ku rubuta da hannunku, su zo su ɗauke shi cikin sauƙi."

Na koma washegari, na sake komawa. Wankin hula ya koya mini cewa datti ba ya fita da wanki ɗaya, kuma in ka matsa da ƙarfi zare ne zai tsinke. Na kawo masa wasiƙar mai unguwa na karanta masa. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce shi dai sai ya ji daga bakin Mai Kanwa, a gaban jama'a.

Abin da Mai Kanwa ke gudu ke nan tun farko. Amma ba wata hanya. Bayan sallar la'asar a masallaci mai koren ƙofa, mai unguwa ya ce kowa ya ɗan dakata. Mai Kanwa ya miƙe, yana murza bakin rawaninsa.

"Jama'a, ni a takarda baƙo ne," ya ce. "Ba a nan aka haife ni ba. Hukuma ta ce in ina son in zauna a gidana, sai maƙwabtana sun shaida cewa a nan nake. Na ɓoye muku don kunya. Ku kuma kuka ɓoye ni don ƙauna. Yanzu roƙona, in mai kaki ya zo, ku nuna masa ni."

"Wa ya ce kai baƙo ne?" in ji tela. "Kai da ka fi ni sanin inda kwatar lungu ke toshewa?"

"Takarda ta ce."

"To takardar ta zo ta yi yasar kwata mu gani."

Aka yi dariya, liman ya yi addu'a. Baba bai yi dariya ba. Da aka fito ya riƙe hannuna ya ce, "In ya tambaye ni gidan wane ne, in ce na Mai Kanwa ke nan?"

"Haka ne, Baba."

"Ba na maƙeri ba."

 Ya daɗe yana kallon baƙin zauren. Sai ya ce, "To. Ai shi ke ciki."

Mai unguwa ya ba da shawara a rubuta suna a bango, yadda ko kowa ya yi shiru bango zai faɗa. Baƙin hayaƙi ba ya karɓar rubutu, dole aka shafe fuskar zauren da farar ƙasa. Na ja layi da zare da gawayi, na hau kan turmi, na rubuta sunan Mai Kanwa na yanka da shuɗin fenti, harafi kamar tafin hannu. Mutanen lungu suka taru a bayana. Waɗanda suka yi makaranta suna karantawa da ƙarfi tun ban gama ba, mata na leƙe ta katanga. Tela ya ce, "Ashe sunan da kake ɓoyewa ke nan? Ai gara Mai Kanwan." Fenti ya ɗiga a farar rigata, ban ma kula ba sai da matata ta nuna mini. Baba yana can a tabarmarsa, ya juya baya yana jan carbi. Da na sauko ya kira ni ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce, "Ya miƙe. Ba ka karkace ba."

Tun daga ranar lungunmu ya koma jiran mai kaki kamar ana jiran mahajjaci. Ko babur ya wuce sai an leƙo. Wata rana da hantsi ina rumfa, matar tela ta aiko a ce in zo da gudu, baƙo ya iso. Na bar huluna a ruwa na taho. Tun daga famfo nake jin hayaniya. Na tarar da zaure cike, an shimfiɗa darduma, wani gajere mai kaki yana zaune a tsakiya da kwano a gabansa, yana cin zabuwa yana zufa. Baba na tsaye a kansa yana cewa, "Nan ne gidansa, ranka ya daɗe, mu duka shaida ne, rubuta!" Mai Kanwa ya fita sayo ƙanƙara, bai ma gan shi ba tukuna, matarsa kuwa tana jin an ce mai kaki ta sa aka yanka zabuwa.

Na dubi mutumin da kyau. Na ja Baba gefe.

"Baba, wannan ba shi ba ne."

"Ba kaki ne a jikinsa ba?"

"Duba-gari ne."

Mutumin ya zo duba kwatoci ne kawai. Yana shigowa lungu aka kewaye shi, aka karɓe masa jaka, aka rako shi har zaure. Ya ce tun da ya fara aiki ba a taɓa karɓarsa haka ba. Ya sha romo, ya wanke hannu, ya yi godiya, sannan ya ce turken awakin da ke ƙofar gida ya saɓa ƙa'ida, a cire shi kafin ya dawo.

Na gaske ya zo bayan kwana kaɗan, ranar da aka fara yankan gero, lungu kusan ba maza. Allah ya sa na dawo cin abincin rana. Na ji tsayuwar babur, na fito da lomar tuwo a hannu. Dogon nan ne. Ya tsaya a gaban dalbejiya ya kashe babur, ya cire hular kwano, suka kalli juna shi da Baba.

"Baba, ina wuni. Ina neman masu kanwan nan na bayan gonakin gero."

"Sun tashi," in ji Baba, ko gezau. "Amma akwai wani a nan. Kama ni in miƙe."

Jami'in ya kama shi ya miƙe. Baba ya riƙe hannunsa kamar mai tsoron kada ya gudu, ya ja shi har ƙofar zaure, ya ɗaga sanda ya nuna rubutun.

"Ka iya karatu ai. To karanta. Gidan ƙanena ne a da, shi ya gina, ni na kwaɓa masa ƙasa. Wannan bawan Allah ya saya da halalinsa, a gabana aka shafa fatiha. A nan aka raɗa wa 'ya'yansa suna, ni na ci naman. Ranar da ƙafata ta kumbura shi ya goya ni zuwa bakin titi. In ka ce ba a nan yake zaune ba, to ni ma ba a nan nake ba."

"Ran nan ka ce ba ka taɓa jin sunansa ba."

"Ran nan ban san kai ne ba."

"Yanzu wane ne ni?"

"Baƙonmu. Shiga ka zauna."

Mai Kanwa ya fito ba rawani, kunnuwa a waje, daidai da hotonsa. Jami'in ya shiga ya duba, ya gaisa da matar gidan ta bayan labule. Ta ce ya yafe mata, mai gidan bai rasu ba. Ya ce ya lura. Ya tambayi tela, ya tambayi mai injin niƙa, ya rubuta abin da zai rubuta a kan cinyarsa. Aka yanka zabuwar da ta rage, amma ya ce ba ya cin abinci a bakin aiki, ruwa kaɗai ya sha. Mu muka cinye bayan ya tafi. Da zai hau babur ya ce mini, "Akawu, ka ci gaba da zuwa makarantar nan." Ashe bai manta sunan ba tun ranar farko.

Katin ya fito ana ɗaurin dawa. Ni na raka shi karɓowa. Bai sa a aljihu ba, a hannu ya riƙo shi tun daga ofis har lungu, duk wanda muka gamu da shi sai ya gani. Baba ya karɓa ya juya gaba da baya, ya ce hoton bai yi kama da shi ba. Lahadin da ta biyo ya ɗora kanwarsa a mota ya tafi Mai'aduwa. Da ya dawo ya ce an tsayar da su a shingen nan, ya miƙa kati tun ba a tambaya ba, aka duba aka ce ya wuce. Ya ce har ya so a ƙara tambayarsa wani abu.

Da yamma muka zauna a dakali muka lissafa abin da ya tafi. Kasuwar Mai'aduwa fiye da goma. Zabi biyu, ɗaya a cikin duba-gari. Turken awaki. Huluna uku na mutane da launinsu ya zuba a ruwa ranar da na baro su, sai da na biya. Farar rigata ta Juma'a. Sai sunan gidan maƙeri, wanda yanzu Baba kaɗai ke faɗa, shi ma sai ya manta.